Ƙungiyar masu barin shaye-shaye a ikkilisiya: yadda ake kafa ta da abin da ke rusa ta

Shugaban Matasa:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Majalisar dattawa ta amince a buɗe ƙungiyar taimakon masu shaye-shaye a ƙarƙashin ikkilisiya, an kuma ce a haɗa da waɗanda rikici ya bar wa rauni a zuciya, gwauraye da waɗanda aka ƙona wa gidaje. Ɗaki akwai, benci akwai, masu son taimako akwai. Tsari ne babu. Mutum nawa ake farawa da su? Wa zai jagoranta, fasto ko wani? Me ake yi daga shiga zuwa tashi? Masu sani a taimaka, kada mu fara da zafi mu watse kafin Kirsimeti.

Baba Rabaran:
Allah ya sa albarka, ɗana. Ba sabon abu za ku ƙirƙiro ba. Tushen yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne AA (Alcoholics Anonymous), ƙungiyar masu barin giya, wadda wasu mashaya giya biyu suka fara a garin Akron na Amurka a 1935, su ma daga wata zumuntar Kirista suka ɗauko tsarin furta laifi da biyan haƙƙin mutane. Daga nan matakai 12 da mai barin sha ke bi ɗaya bayan ɗaya suka fito. A 1991 John Baker ya fara Celebrate Recovery a majami'ar Saddleback ta Kalifoniya, ya ɗora matakan a kan albarkun da ke Matiyu 5, ya kuma buɗe ƙofa ga duk mai wata damuwa, ba mashayi kaɗai ba. Teen Challenge ta David Wilkerson wani abu ne dabam: gidan zama ne na shekara guda ko fiye, sai da gini, abinci da ma'aikata dare da rana. Ikkilisiya guda ba za ta iya wannan ba, ku cire shi a rai.

Abin da za ku iya shi ne taron mako-mako. Rana ɗaya, lokaci ɗaya, ko mutum biyu suka zo a yi. Minti 90 ya isa: goma na waƙa da addu'a, biyar na karanta dokoki da babbar murya, ashirin na darasi, arba'in da biyar a ƙananan rukunoni, goma na rufewa. Maza dabam, mata dabam, ba sassauci a wannan. Rukuni kada ya wuce mutum takwas, don idan kowa ya samu minti biyar lokacin ya cika ke nan. Shugabanni biyu a kowane rukuni. Fasto ya sa albarka a taron farko, daga nan ya riƙa ba su wuri.

Sista Nas:
Baba, ku gafarce ni in sa wani abu a gaban duk wannan. Kafin mutum ya zauna a benci, a tambaye shi me yake sha, nawa, tun yaushe, kuma yaushe ya sha na ƙarshe. Akwai mutanen da idan aka ce musu “daga yau ka daina” an aika su kabari ne da kyakkyawar niyya.

Na farko mai shan giya kullum, burkutu ce, goskolo ne ko ta kwalba. Alamar da ba ta ƙarya: da safe hannu na rawa, sai ya kurɓa yake daidaita. Idan irin wannan ya yanke lokaci guda, cikin awa 6 zuwa 24 rawar jiki, gumi, amai da bugun zuciya za su fara. Cikin kwana biyun farko jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama shi. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu ne ruɗewa ke zuwa: zazzaɓi, sambatu, ya ga ƙwari ko macizai a bango, bai san inda yake ba. Wannan matakin yana kisa. A asibiti ana ba shi diazepam a riƙa ragewa kullum, da bitamin B1, da ruwa. Ba aikin gida ba ne.

Na biyu masu shan ƙwayoyin sa barci, roci da diazepam. Su ma yankewa farat ɗaya na kawo jijjiga, kuma nasu ragewar makonni take ɗauka a hannun likita.

Akwai takardar tambayoyi goma ta Hukumar Lafiya ta Duniya, AUDIT, kyauta ce, minti biyar ake cika ta. Maki 8 zuwa sama shan ya zama haɗari, 20 zuwa sama a ɗauka jiki ya riga ya kamu, asibiti tukuna. Ku san inda za ku kai mutum tun kafin ku buɗe ƙofa: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, na Maiduguri, na Kware a Sakkwato, ko sashen masu taɓin hankali na JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Ku je ku gaisa da ma'aikatan, ku san ranar da suke ganin marasa lafiya da kuɗin kati.

Shugaban Matasa:
Sista, to shirin da muka yi na buɗewa da azumin kwana uku fa?

Sista Nas:
Shugabanni su yi azuminsu. Wanda ke makon farko na barin giya kada ya yi. Hantar mashayi ba ta da ajiyar sukari, ga amai ga gumi, ka hana shi abinci da ruwa sukarin jini ya faɗi, sai suma.

Dattijo:
Ina karantawa, kuma ban ga inda aka bar wa Ruhu Mai Tsarki wuri ba. Takarda, maki, asibiti. Maye zunubi ne, Galatiyawa 5 ta lissafa shi cikin ayyukan jiki. Kuma ikkilisiya na da horo. Idan mai waƙa ko malamin makarantar Lahadi ya zo ya ce yana shan kodin, mu dattawa mu yi kamar ba mu ji ba? Ranar Lahadi ya hau ya riƙe makirfo?

Baba Rabaran:
Ɗan'uwana dattijo, ku ƙarasa wasiƙar. Sura ta gaba, aya ta farko, cewa ta yi wanda aka kama cikin laifi a maido shi da tawali'u. Tambayarku kuwa ita ce ainihin abin da ke kashe waɗannan ƙungiyoyi a wurinmu, gara da kuka yi ta a fili.

Ga yadda abin ke faruwa. Saurayi ya faɗi gaskiya a taron rukuni, a ce ranar Alhamis. Wani a rukunin ya gaya wa matarsa “don a sa shi a addu'a”. Ranar Asabar zance ya kai gidan dattijo. Lahadi a sanar an sa shi a horo, ya koma kujerar baya, an hana shi Jibin Ubangiji wata shida. Alhamis ta gaba mutum uku za su zo, su ma ba abin da za su faɗa sai “mun gode wa Allah”. Ƙungiya ta mutu ke nan, ko da an ci gaba da buɗe ɗakin.

Maganinsa a rubuce yake. Kafin taron farko majalisa ta zartar, a shigar a littafin taro, cewa abin da mutum ya furta da bakinsa a rukuni ba ya zama dalilin horo. Kuma wanda ke zama a kwamitin horo kada ya shugabanci rukuni.

Dattijo:
Ashe mun ba mutane mafaka su ci gaba da zunubi suna hidima.

Malama Mai Ba Da Shawara:
A'a Baba. Hidimar ana taɓa ta, amma ta hannun mai ita. Shugaban rukuni zai zauna da shi su biyu ya ce: aikin da kake riƙe da shi ya haɗa da yara, ko kuɗin baiko, ko tuƙa motar ikkilisiya, ka je ka gaya wa fasto kana neman hutun wata uku, in kana so in raka ka. Ba sai an faɗi dalili a bagade ba. Mafi yawa suna yarda, don an bar musu mutuncinsu.

Sirrin kuma yana da iyaka, kuma ana karanta iyakar a kowane taro don kada wani ya ce an ci amanarsa. Abu uku ne: wanda ya ce zai kashe kansa, wanda ya ce zai cuci wani, da duk abin da ya shafi cin zarafin yaro. Waɗannan ba sa kwana a ɗakin. Direban da ke tuƙa mutane cikin maye ya shiga na biyun, idan ya ƙi ajiye makulli da kansa.

Sauran dokokin kaɗan ne. Kowa ya yi maganar kansa, ba ta matarsa ko ta maƙwabci ba. Minti uku zuwa biyar, da mai duba agogo. Ba katsewa, ba amsawa, ba nasiha: idan ya gama a ce “mun gode” a wuce. Wannan ce doka mafi wuya a wurinmu, domin da mutum ya ce ya sha jiya, baki huɗu sun buɗe da ayoyi. Mai shan ya san ayoyin, wasunsu 'ya'yan fastoci ne. Abin da bai taɓa samu ba shi ne wurin da zai faɗi abin har ƙarshe ba a tare shi ba. Sai kuma wannan: ba a bayyana yadda ake haɗa ƙwaya ko inda ake samunta, ba a kuma zuzuta daɗin maye, don yana tayar wa na kusa da ƙishirwa. Wanda ya zo a buge ba a kore shi, amma ranar ba ya magana, wani ya zauna da shi a waje. Wayoyi a kwando a bakin ƙofa. Littafin halarta sunan farko kawai, ko ma adadi.

Dattijo:
Na ji. Ban gamsu duka ba, amma batun ya ajiye hidima da kansa ya fi abin da na zata.

Mai Kantin Magani:
In ƙara a kan na Sista, ɓangaren ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye ban da giya da taba a cikin shekara guda: miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 dangin tiramol, miliyan 2.4 maganin tari. A watan Mayun shekarar gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, amma kowa ya san bai ɓace ba, tsada ya yi.

Tiramol ɗin da NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100. Na bayan fage 200 ne, 225, har 250. Iyakar da likita ke bayarwa a yini 400 ce. Wato wanda ya haɗiye 225 guda biyu kafin ya tafi gona ko haƙar kuza ya riga ya tsallake, shi ya sa ake ganin jijjiga a wurin samarin da ba su da farfaɗiya a gidansu. Ku lura kuma, da yawa ba don nishaɗi suka fara ba, don ƙarfin aiki ne. Idan ƙungiya ba ta yi maganar yadda zai yi aikin yini ba tare da ita ba, ya rage awanni, ya ci abinci kafin ya fita, ya san kuɗin da zai samu zai ragu na ɗan lokaci, to zai koma.

Barin tiramol ko kodin ba kasafai yake kisa ba, amma azaba ce: hamma, majina, hawaye, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci. Kwana na biyu da na uku ne ƙololuwa, kusan mako guda jiki ya lafa. Tiramol kan ƙara da tsoro da firgita, wani har gane-gane. Rashin barci da mutuwar jiki kuwa suna jan makonni, kuma a nan ne akasari ake komawa, ba a makon farko ba. A gaya musu tun farko don kada su ɗauka addu'arsu ce ba ta karɓu ba.

Abu mafi haɗari da shugabanni ba su cika sani ba: wanda ya yi wata ɗaya ko biyu bai sha ba, jikinsa ya manta da yawan da ya saba. Ranar da ya zame ya sha adadin da, numfashi na iya tsayawa, balle in ya haɗa da giya ko roci. Alamu: ba ya farkawa ko an girgiza shi, ƙwayar ido ta tsuke ƙwarai, numfashi a hankali ko minshari mai nauyi, leɓe ya sauya launi. Kada a ɗura masa madara ko manja, huhu za su tafi. Kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a ɗan ɗaga haɓa, a nemi mota. Maganin da ke karya dangin kodin sunansa naloxone, ku faɗa wa ma'aikatan asibiti ainihin abin da ya sha, kunya ba ta da wuri a nan.

Shugaban Matasa:
Wannan na ƙarshen ban taɓa ji ba. Zan buga shi a manna a bangon ɗakin.

Mama Shugabar Zumunta:
Duk maganarku ta samari ce. Wancan binciken da ɗana mai magani ya ambata ya ce cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Ina suke a wuraren magani? Mace ba za ta tako ɗakin da aka rubuta “masu shaye-shaye” a ƙofarsa ba, gobe a fasa auren 'yarta. Kada ku rubuta komai a ƙofa. Na mata ku sa shi ranar da Zumuntar Mata ke taruwa, awa ɗaya kafin ko bayan, yadda shigarta harabar ba zai ja ido ba. A samu yarinya mai riƙe goyo.

Sai iyalan masu sha, su ma rukuninsu dabam, ko da sau biyu a wata. Abin da ake koya musu: kada a ba shi kuɗi a hannu, a sayo abin da ya ce yana so. Kada a biya masa bashin mai giya. Kada a yi masa ƙarya wurin aiki. Kada a yi faɗa da shi yana cikin maye, a bari sai da safe. A ɓoye takardar fili da keken ɗinki. Kuma idan akwai duka, kada wani shugaba ya ce wa mace “ki yi haƙuri yana kan hanya”. Ta san gidan da za ta kwana da yaranta idan dare ya yi muni, a shirya wannan tun da rana.

Wata matsalar da ba a so a taɓa: akwai matan da da dafa burkutu suke biyan kuɗin makaranta. Ka ce ta daina ba ka ba ta jarin ƙosai ko kunu ba, ka yi wa iska magana.

Malama Mai Ba Da Shawara:
Mama kun kawo ni kan rabin tambayar da ba a amsa ba. Shugaba, kada ku haɗa masu raunin zuciya da masu shaye-shaye a rukuni ɗaya. Dalilin a cikin matakan yake. Mataki na huɗu mutum ya binciki kansa ya lissafa laifofinsa, na takwas da na tara ya lissafa waɗanda ya cuta ya je ya gyara. Wannan daidai ne ga wanda ya sayar da akuyar uwarsa. Amma ka sa matar da aka kashe mijinta a gabanta, ko yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ta zauna tana neman “nata laifin”, ka ƙara mata abin da dama ke cinta. Su abin da suke bukatar ji shi ne ba laifinsu ba ne.

Na raunin zuciya tsarinsa dabam, kuma an riga an yi shi a ƙasar nan. Bayan da Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) a Kwarhi a Oktoban 2014, ikkilisiyar ta yi ta gudanar da bitar warkar da zuciya ga 'yan gudun hijira, da wani tsari na kwana uku mai suna HROC wanda aka fara a Ruwanda da Burundi. Akwai kuma littafin Healing the Wounds of Trauma na 2004, wanda aka gina tare da shugabannin ikkilisiyoyin Afirka da yaƙi ya shafa. Ku nemi wanda aka horar a ɗayan biyun, kada ku karanta ku fara. Rukuni ne rufaffe: mutum shida zuwa goma sha biyu, su ɗin dai daga farko har ƙarshe, zama biyar ko shida, ba kamar na shaye-shaye da kowa ke iya shigowa kowane mako ba.

Mai sauraro tambaya uku yake yi: me ya faru, yaya ka ji, mene ne ya fi maka wuya. Shi ke nan. Ba a tilasta wa kowa ya ba da labari, ba a kuma tono dalla-dalla. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a daina tara mutane bayan masifa a sa kowa ya zayyana abin da ya gani a zama ɗaya, don ba ya hana ciwon, wani ma ƙara masa yake. Miki ne, ba a buɗe shi sai da abin ɗaurewa a hannu. Shi ya sa zaman farko ake koyar da kwantar da jiki: ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, sake shi a hankali ana ƙirga shida, sau goma. Idan wata ta fara rawar jiki idonta ya tafi, a kira sunanta, a ce ta taka ƙasa da ƙafa biyu, ta faɗi abu biyar da take gani a ɗakin, a ba ta ruwa. Kada a taɓa ta sai an nemi izini, kada a kewaye ta ana addu'a da ihu.

Ana kuma koya musu makoki. A karanta Zabura 13 ko 88, su ga cewa bawan Allah ya tambayi Allah har yaushe, ta 88 ma ba ta ƙare da murna ba. Sai kowa ya tsara nasa, mai rubutu ya rubuta, marar rubutu ya rera. Gafara kuwa ita ce darasin ƙarshe, ba na farko ba. Gwauruwar da aka sa ta ce “na yafe” a makirfo mako biyu da jana'iza, ta faɗa ne don kunyar jama'a, ta koma gida da fushin da kuma sabon laifin cewa ta yi wa Allah ƙarya.

Sista Nas:
Ƙari biyu. Idan fyaɗen sabo ne, asibiti kafin komai: maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Na biyu, wanda ya wuce wata guda yana mafarkin abin, yana firgita da ƙarar babur, ba ya iya aiki, ko yana jin muryoyi, a haɗa masa da likita. Kada a je kemis a sayo masa diazepam don barci. Ta wannan ƙofar gwauraye da yawa ke shiga ɗaya rukunin.

Shugaban Matasa:
To wanda yake da duka biyun? Samarin da suka yi gadin unguwa lokacin rikici, da yawa tun daga nan suka fara sha.

Malama Mai Ba Da Shawara:
Ya fara da na shaye-shaye, a koya masa numfashin da dabarun barci tun ranar farko, shugabansa ya san da raunin. Idan ya samu kamar wata uku a tsaye, yana barci, yana da wanda yake kira, sai ya shiga rufaffen rukunin yana ci gaba da zuwa na shaye-shaye. Masana sun fi son a bi da raunin da shan tare, amma wannan a hannun ƙwararre ne. Masu sa kai su bi a jere. Makon da aka taɓa labarin, abokin tafiyarsa, wato wanda aka haɗa shi da shi don ya riƙa bibiyarsa, ya kira shi kullum.

Mai Bishara:
Ni dai a ƙauye abin da iyaye ke nema shi ne a kai yaro gidan addu'a a tsare shi har abin ya fita. Wasu yaran in ba a ɗaure ba gudu suke yi. Me za a ce musu?

Baba Rabaran:
A ce musu a'a, da sunan ikkilisiya. A 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a Najeriya, kuma wuraren da ta lissafa har da gidajen addu'a na Kirista, ba na wasu kaɗai ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba marar lafiya haƙƙoƙi, fasto ba shi da ikon tsare kowa. Sarƙa tana hana ƙafa zuwa wurin dila, ba ta koya wa mutum abin da zai yi ranar da aka kwance shi ya ga abokansa a bakin kasuwa. Kuma ranar ce ɗana mai magani ya ce jiki ya manta da adadin da. Yaron da wiwi ya birkita, yana zargin an sa masa guba, asibiti ne wurinsa. A yi masa addu'a a bakin gadon. Kada kuma wani ya ce wa mai shan maganin likita ya zubar don ya nuna bangaskiya.

Dattijo:
A nan kam muna tare.

Mama Shugabar Zumunta:
Baba Rabaran, ku yi maganar shaida. Mu mun fi kowa son shaida.

Baba Rabaran:
Mama kin taɓo inda ke ciwo. Yaro ya yi mako uku bai sha ba, a hau da shi bagade, a yi guɗa, a ɗauka a waya a watsa. Wata biyu ya zame. Yanzu ba zai iya dawowa rukuni ba, domin duk gari ya ji an ce Yesu ya 'yantar da shi. Dokar da ta fi aminci: ba shaida a gaban jama'a sai bayan shekara guda, a rubuce, shugaba ya duba, ba sunan kowa a ciki, ba ɗaukar hoto. Shugabancin rukuni ma haka, shekara guda a tsaye tukuna.

Zamewa kuwa ku sa ta a lissafi. Cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ta ce kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma sha a wani lokaci. Wanda ya zame ya dawo, tambaya uku ce a keɓe: ina kake, da wa, me ya faru awa ɗaya kafin. Amsar kusan kullum ɗaya ce daga cikin yunwa, fushi, kaɗaici, gajiya, ko kuɗi a aljihu. Sai a gyara shirin. Ranar albashi, ranar kasuwa, bikin aure, makoki da makon Kirsimeti, kowa ya faɗi a rukuni inda zai kasance da wanda zai kasance tare da shi.

Malama Mai Ba Da Shawara:
Abokin tafiya shi ne ƙashin bayan abin: jinsi ɗaya, ba dangi ba, ba mai ba shi aiki ba, kada ya riƙe fiye da mutum uku. Kira ɗaya kullum a wata ukun farko. Ƙishirwar sha takan taso ta yi ƙarfi ta sauka, galibi cikin rabin awa, don haka yarjejeniyar ita ce ka kira kafin ka sha, ba bayan ka sha ba. Ba rance tsakaninsu ko na naira ɗari. Marar rubutu ya yi mataki na huɗu da baki, zama biyu ko uku, kada a ɗauki murya. Mataki na tara kuma yana da togiya a cikinsa: ba a zuwa neman gafara inda zuwan zai cuci wanda aka je wa ko wani. Wanda ya yi lalata da matar aure ba ya zuwa ya sauke nauyinsa a kan mijinta. Bashi da sata kuwa a biya, ko kaɗan-kaɗan, a rubuce.

Shugaban Matasa:
Na kwashe duka. Saura kuɗi. An ce mu riƙa ba da na mota da abinci don a zo.

Mai Kantin Magani:
Shayi da burodi bayan taro, e, a nan ma ake sabawa da juna. Kuɗi a hannu, a'a: na motar mako ɗaya ya sayi ƙwaya. Wanda ke nesa a biya mai babur kai tsaye, ko wani ya biya ta gidansa ya ɗauko shi. Baikon da za a ware ya tafi asusun kati da maganin asibiti, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar, a kuma biya a tagar asibitin.

Sista Nas:
Shugabannin su ma su riƙa zama su kaɗai sau ɗaya a wata da wani ma'aikacin lafiya ko mai ba da shawara, ba tare da ambaton sunaye ba. Kuma idan ikkilisiyarku ruwan inabi na gaske take amfani da shi a Jibin Ubangiji, ku yi magana da fasto tun yanzu a tanadi marar sa maye, ko a sanar cewa karɓar gurasa kaɗai ta wadatar, yadda ba wanda zai tsaya yana bayani a layi.

Shugaban Matasa:
Namu na kwalba ne marar maye. Zan kai maganar rubutacciyar yarjejeniya gaban majalisa ranar Asabar. Baba Dattijo, in kun yarda ku ne za ku gabatar da ita, daga bakinku za ta fi shiga.

Dattijo:
Turo min daftarin in gani tukuna. Sakin layin hidima nake so in karanta da kyau.